Sharhi: Abin da "My Octopus Teacher" ya gani daidai a ƙarƙashin teku, da inda ya ƙara gishiri

A watan Satumba na 2020, lokacin da annobar korona ta tsare mutane a gida, kamfanin Netflix ya saki wani dokumentari mai tsawon minti 85 mai suna My Octopus Teacher. Labarinsa gajere ne. Wani mai shirya finafinai ɗan Afirka ta Kudu, Craig Foster, aiki ya gajiyar da shi har ya rasa inda zai sa kansa, sai ya koma yin nutso kullum a bakin tekun da ke kusa da gidansa a False Bay, kudu da birnin Cape Town. A can ya gamu da wata oktofas, wato dabbar nan ta teku mai laushin jiki da hannuwa takwas, ya bi ta kusan shekara guda har ta mutu. Pippa Ehrlich da James Reed ne suka ba da umarni, kuma a watan Afrilun 2021 fim ɗin ya lashe lambar Oscar ta dokumentari mafi kyau.

Mutane da yawa sun kalle shi sun yi hawaye. Ga wasu kuma, shi ne karo na farko da suka san akwai daji a ƙarƙashin teku. Fim ɗin da ya yi irin wannan tasiri ya cancanci a zauna a auna shi, domin abin da ya faɗa shi ne abin da miliyoyin mutane za su ɗauka a matsayin ilimi. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: abin da kyamarar fim ɗin ta ɗauko abin dogaro ne, kuma yana da daraja a kimiyance, amma fassarar da aka ɗora a kai ta wuce inda hujja ta tsaya. Sannan akwai abubuwan da aka bari a waje waɗanda bai kamata a bari ba.

Wane irin wuri ne wannan?

Idan aka ce duwatsun ƙarƙashin teku, abin da ke zuwa zuciyar yawancinmu shi ne murjani mai launi-launi a ruwa mai ɗumi, irin na Bahar Maliya ko Ostireliya. Wurin da Foster yake nutso ba haka yake ba. Ruwa ne mai sanyi, sau da yawa kore-kore, mai zurfin 'yan mitoci kawai, kuma duwatsun ƙasansa na gaske ne. A kansu ne wani dogon tsiron teku yake kafa daji. Masana na kiransa Ecklonia maxima, mutanen yankin kuma suna kwatanta shi da gora, don haka bari mu ce masa gorar teku.

Gorar teku ba bishiya ba ce, dangin gansakuka ce. Ba ta da saiwar da ke shan abinci daga ƙasa. Abin da ke gindinta kamar yatsu ne da take riƙe dutse da su. Kararta rami ne a ciki cike da iska, shi ya sa take miƙewa tsaye har ganyenta ya bazu a saman ruwa, kuma tana iya wuce mita 10. Wannan daji ya bi gaɓar teku tun daga kusa da Cape Agulhas har cikin Namibiya, tafiyar kusan kilomita 1,000.

Me ya sa yake nan, babu shi a Legas ko Kalaba? Sanyi da abinci. Da bazararsu iska mai ƙarfi tana kaɗawa daga kudu maso gabas, tana ture ruwan sama daga gaɓa, sai ruwan can ƙasa mai sanyi, mai ɗauke da sinadaran da tsirrai ke bukata, ya taso ya maye gurbinsa. Wannan shi ne tsarin ruwan Benguela. A gefen Atilantika na Cape sanyin ruwa kan sauka ƙasa da digiri 10. False Bay ya ɗan fi ɗumi, amma da hunturunsu shi ma yana wajen digiri 13 zuwa 15. Ruwan gaɓar Najeriya kuwa ya yi wa gorar teku zafi nesa ba kusa ba.

Muhimmin abu shi ne dajin a bakin gaɓa yake. Ba sai da jirgi ba. Mutum ya sauko daga kan dutse, ya jira igiyar ruwa ta lafa, ya shiga, cikin minti kaɗan yana tsakiyarsa. Gorar kanta tana rage ƙarfin igiyar. Foster ba ya ɗaukar tukunyar iska, ba ya ma sa rigar robar da masu nutso ke sawa don sanyi. Tabarau na nutso ne, da bututun shaƙar iska, da takalmin iyo mai kama da ƙafar agwagwa, sai numfashinsa. Sauƙin shigar nan shi ne ya ba shi damar komawa wuri ɗaya kullum, kuma duk wani alherin da ke cikin fim ɗin daga nan ya fito.

Inda fim ɗin ya ciri tuta

Yawancin binciken teku na ɗan lokaci ne. A samu kuɗin jirgi, a je a yi mako biyu, a ƙirga abin da aka gani, a dawo. Yawancin abin da muka sani game da ƙwaƙwalwar oktofas kuma daga tankin ɗakin gwaji ya fito. Bin dabba guda ɗaya a gidanta na asali, yau da gobe, har tsawon rayuwarta, abu ne da ba kasafai ake samu ba.

Foster ya zo da wata dabara daga tudu. A shekarar 2000 shi da ɗan'uwansa Damon sun yi fim mai suna The Great Dance a kan mafarautan San na hamadar Kalahari, mutanen da ke karanta sawu kamar yadda malami ke karanta allo. Wannan ilimin ya kai cikin ruwa. Ya koyi bambanta alamar da oktofas ke bari a kan yashi da ta sauran halittu. Yana tattara ɓawon katantanwar da ta ci ta zubar a ƙofar raminta, yana duba ɗan ramin da ta huda a jikinsa don ta zuba dafi. Ya zana taswirar wurin. Duk wanda ya taɓa bin maharbi ko makiyayi a daji ya san irin wannan kallo, kuma a gaskiya shi ne tushen kimiyyar halittu tun kafin a ƙera na'urori.

Haƙurin ya biya. Akwai wurin da oktofas ɗin take tattara ɓawo da tsakuwa da hannuwanta ta lulluɓe jikinta gaba ɗaya, ta zama kamar dunƙulen tarkace, kifin shak yana zagaya ta ya rasa ta inda zai kama. Wannan ɗabi'a ta fara fitowa ga duniya ne a shirin BBC na Blue Planet II a 2017, wanda Foster ya taimaka wajen ɗauka tare da mai kyamara Roger Horrocks. Kafin nan, a 2009, masu bincike sun ba da rahoton wata oktofas a Indonesiya da ke yawo da ɓawon kwakwa don ta ɓuya a ciki. Abin da aka ɗauka a False Bay ƙari ne na gaske a kan wannan. Haka ma yadda aka nuna hannunta da shak ya cire yana sake tsirowa a hankali cikin kusan kwana 100, da yadda take canza salon farautarta bayan ta yi kuskure.

Ba a nan abin ya tsaya ba. A 2017 Karl Wittmann da Farfesa Charles Griffiths na Jami'ar Cape Town sun bayyana sababbin nau'o'in ƙananan jatan lande daga wannan gaɓa. Ɗaya an sa masa sunan Foster, wani kuma an sa masa Heteromysis octopodis saboda a ramin oktofas yake zama. Ka ga ke nan, a ruwan da bai fi 'yan mitoci ba, kusa da babban birni mai jami'o'i, akwai halittun da ba a taɓa rubuta sunansu ba sai da wani ya yi ta komawa yana dubawa. Wannan shi ne babban darasin fim ɗin, duk da ba shi aka sa a gaba ba.

To, shin ta ƙaunace shi?

Abin da aka sa a gaba shi ne abota. Oktofas ta miƙo hannu ta taɓa yatsan Foster, daga baya ta hau ƙirjinsa ta kwanta, kiɗa mai taushi yana tashi, shi kuma yana zaune a teburi shekaru bayan haka yana ba da labari idonsa da ƙwalla. Mai kallo ba ya bukatar a gaya masa komai, ya riga ya yanke cewa soyayya ce.

Bari mu ware abin da aka sani. Oktofas tana da ƙwayoyin jijiya kusan miliyan 500, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu a hannuwanta suke. Tana koyo, tana tunawa. Tana iya gane mutum ma. A wani gwaji da Roland Anderson da Jennifer Mather da abokan aikinsu suka wallafa a 2010, an sa mutum biyu masu kaya iri ɗaya suna zuwa wurin manyan oktofas a gidan kifi na Seattle a Amurka. Ɗaya yana kawo abinci, ɗaya yana tsokanarsu da sanda mai ƙaiƙayi. Cikin mako biyu dabbobin sun bambanta su, suna matsowa wurin mai abinci, suna kauce wa mai sanda. Saboda haka idan Foster ya ce ta san shi, ba mu da dalilin musu.

Amma sani daban, ƙauna daban. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma matsalar ke nan: mu mutane da fuska da taɓawa muke karanta juna, sai mu kai wannan karatun kan dabbar da jikinta ke aiki da wata ƙa'ida. A jikin kowane hannun oktofas akwai 'yan ƙoƙuna masu tsotso kamar ƙahon wanzami. A 2020 ƙungiyar Nicholas Bellono a Jami'ar Harvard ta nuna cewa waɗannan ƙoƙuna suna ɗauke da wasu sinadaran ji na musamman da ke ɗanɗana duk abin da suka taɓa. Wato idan oktofas ta ɗora hannu a fatarka, ɗanɗana ka take yi, haka take bincikar ƙaguwa ko dutse ko kyamara. Abin da muke gani a matsayin musafaha ko runguma, a wajenta hanyar tambaya ce: mene ne wannan? Son sani ne, kuma son sani a dabbar da ta rabu da zuriyarmu kusan shekara miliyan 600 da suka wuce ya isa abin mamaki ba sai an ƙara masa komai ba.

A tuna kuma oktofas irin wannan ba ta zaman tare. Ba ta tashi a hannun uwa ba, ba ta da garke, tana ma iya cin 'yar uwarta. Kare ko giwa suna da tsarin shaƙuwa a jikinsu domin rayuwarsu ta dogara da shi. Rayuwar oktofas ba ta bukace shi ba. Bayani mafi sauƙi ga abin da fim ya nuna shi ne sabo: wani babban abu yana zuwa kullum, bai taɓa cutar da ita ba, sai tsoro ya ragu, bincike ya ƙaru.

Kada a fahimce mu da cewa oktofas inji ce marar ji. Masanin birrai Frans de Waal ya sha yin gargaɗi cewa ƙin yarda da kamannin da ke tsakaninmu da dabbobi shi ma kuskure ne, daidai da ƙaƙaba musu halinmu. A 2021 Robyn Crook ta nuna cewa oktofas tana guje wa wurin da ta ji ciwo, tana kuma neman wurin da aka ba ta maganin kashe zafi. A wannan shekarar rahoton da Jonathan Birch ya jagoranta ya duba bincike sama da 300, kuma a kansa ne Birtaniya ta sa oktofas cikin dabbobin da dokarta ta 2022 ta amince suna ji. Tana ji, wannan akwai hujja. Me take ji game da Foster, wannan fim ɗin bai da hanyar sani, amma kiɗa da yankan hoto sun amsa a madadinta.

Haka batun wasa. Akwai wurin da take kaɗa hannuwa cikin taron ƙananan kifaye, Foster ya ce wasa take yi. Yana iya yiwuwa, domin Mather da Anderson sun ga oktofas a tanki tana ta tura kwalbar magani da feshin ruwa tana jiran ta dawo, tun 1999. Sai dai su sun maimaita gwajin da dabbobi da dama. Gani ɗaya a dabba ɗaya tambaya yake haifarwa, ba ya rufe ta.

Akwai kuma tambayar da ta fi nauyi. Sabo turken wawa ne, in ji masu magana. Dabbar da kariyarta ita ce ɓuya da rashin yarda da kowa, idan ka koya mata fitowa fili saboda kai, me ka yi mata? Foster da kansa ya yi wannan tunani bayan shak ya cire mata hannu, kuma abin yabo ne da aka bar shi a fim ɗin. Amma an wuce shi da sauri. Mutum ɗaya mai taka-tsantsan wataƙila ba zai yi ɓarna ba. Miliyoyin masu kallo da suka koyi cewa taɓa dabbar teku alamar kusanci da halitta ce, wannan wani abu ne daban. Ƙa'idar masu nutso ta daɗe: ka duba, kada ka taɓa.

Mutuwar uwa

Ƙarshen fim ɗin shi ne ya fi sa kuka. Ta sadu da namiji, ta shige rami ta yi ƙwai, ta daina cin abinci, tana ta hura musu ruwa har suka ƙyanƙyashe, ta fito a galabaice, kifaye suka fara cin ta, shak ya ɗauke gawar. An gabatar da shi a matsayin sadaukarwar uwa.

Abin da ya faru gaskiya ne, haka kowace macen wannan nau'i take ƙarewa. Amma dalilin ya fi abin da aka faɗa ban sha'awa. A bayan idanun oktofas akwai wasu ƙananan ƙulluttai biyu masu fitar da sinadarai. A 1977 Jerome Wodinsky ya cire su daga matan da ke kwanci, sai suka bar ƙwan, suka koma cin abinci, suka ƙara watanni a raye. A 2022 Yan Wang da Clifton Ragsdale da abokan aikinsu suka nuna cewa bayan saduwa waɗannan ƙulluttai suna canza yadda jiki ke sarrafa kolestarol da sinadaran da ake samu daga gare shi. Ma'ana mutuwar a rubuce take a jikinta, ko da abinci a gabanta ba za ta ci ba. Namijin ma, wanda ba ya gadin ƙwai ko ɗaya, yana lalacewa ya mutu kusan lokaci guda. Ga tambaya mai daɗi da fim ɗin ya tsallake: me ya sa dabba mai irin wannan ƙwaƙwalwa ba ta wuce shekara ɗaya zuwa biyu, kuma ba ta koya wa 'ya'yanta komai?

Daga baya Foster da ɗansa Tom sun tsinci wata 'yar ƙaramar oktofas, aka bar mai kallo da tunanin ko 'yarta ce. Mace ɗaya tana yin ƙwai daga 100,000 zuwa 500,000. 'Ya'yan suna fitowa kamar ƙwayar shinkafa, ruwa ya yi ta yawo da su wata ɗaya zuwa biyu kafin 'yan kaɗan da suka tsira su sauka ƙasa. Ba ita kaɗai ce mace a False Bay ba. In ba da gwajin ƙwayar halitta ba, babu mai iya cewa.

Shak ɗin ba mugu ba ne

Kowane labari yana son mugu, a nan an ba wa wani ƙaramin shak mai ratsi-ratsi wannan matsayi. Da ya bayyana sai kiɗa ya canza. Alhali kifi ne mai tsawon kusan mita ɗaya, ba ya cutar da mutum, kuma a duk duniya ba a samunsa sai a gaɓar Afirka ta Kudu. Da hanci yake farauta, yana cusa kai cikin tsaguwar duwatsu. Abin da yake yi wa oktofas shi ne abin da ita take yi wa ƙaguwa da lobsta a cikin fim ɗin, amma nata an nuna shi a matsayin wayo, nasa kuma ta'addanci.

Wannan ya fi ƙarfin batun adalci ga kifi. Dabarun da suka burge mu, canza launi da lulluɓa da ɓawo da hawa bayan shak, mafarauta ne suka ƙera su cikin miliyoyin shekaru. Kakannin oktofas sun rabu da ɓawon da ke kare su, suka rage tsoka zalla a tekun da kowa ke son cin su. Ba don irin wannan shak ba, da babu malamar da za a yi fim a kanta.

Shi ma dajin an mai da shi labule. Ba a bayyana cewa mafi yawan abin da gorar teku ke samarwa ba a cinsa a tsaye ba, sai ya gutsuttsure ya zama gari a ruwa, halittu masu tace ruwa su sha. Ba a kuma nuna yadda tsarin yake saurin birkicewa ba. Misali yana nan gabas da False Bay. 'Ya'yan abalon, wata katantanwar teku mai tsada da mutanen can ke kira perlemoen, suna ɓuya ne a ƙarƙashin ƙayar bushiyar teku. Daga wajen farkon shekarun 1990 lobsta suka yawaita a gabashin Cape Hangklip, suka cinye bushiyoyin, 'ya'yan abalon suka rasa mafaka, yawansu ya faɗi. A wasu ƙasashe dajin ne ma ke tafiya: Tasmaniya ta rasa kusan kashi 95 cikin 100 na manyan dazuzzukanta na teku, arewacin Kaliforniya ya rasa sama da kashi 90 bayan 2014. Na Afirka ta Kudu yana cikin 'yan kaɗan da suka riƙe, har a 2012 aka ba da rahoton ya ƙara matsawa gabas zuwa De Hoop. Minti biyar a kan wannan da ya ƙara wa mai kallo abin da zai tafi da shi.

Gaɓar da aka share mutanenta

Wanda ya kalli fim ɗin zai ɗauka Foster da iyalinsa kaɗai ne a wannan gaɓa. Ba haka ba ne. Yankin Simon's Town, inda yake zaune, gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana shi na farar fata zalla a 1967. An kwashe dubban mutane, cikinsu har da iyalan masunta da tsohuwar al'ummar Musulmi ta garin, aka kai yawancinsu Ocean View, nesa da tashar da suke kamun kifi. Dokar da ta ba da damar raba bakin teku tsakanin fari da baƙi ba a soke ta ba sai 1990. Wanda yake da gida a bakin ruwa a yau, da wanda ya tashi ya iya iyo, da wanda yake da sukunin yin shekara yana nutso don ya warke daga gajiya, duk wannan tarihin yana da hannu a ciki.

Akwai wasu masu nutso a irin wannan daji da fim ɗin bai ambata ba. Su da dare suke shiga, daga garuruwan masunta irin su Hawston da Hangberg, suna ɓamɓaro abalon ba bisa doka ba, a busar a kai Hong Kong. Ƙungiyar TRAFFIC ta ƙiyasta a 2018 cewa an sace abalon miliyan 96 tsakanin 2000 da 2016. Wasu matasan ba sa dawowa. Manyan 'yan fasa-ƙwauri ne ke kwashe ribar, talauci da rashin lasisin kamun kifi ne ke tura yaran ruwa. Sannan a False Bay ɗin kanta an yi ta kama oktofas da tarko, har a watan Yunin 2019 ministar muhalli Barbara Creecy ta dakatar da sana'ar na wani lokaci bayan igiyoyin tarkon sun kashe manyan kifayen whale. Ba wanda ya ce dole fim ɗaya ya ɗauki komai. Amma fim ɗin da saƙonsa shi ne ɗan Adam ɓangare ne na halitta, sai ya nuna mutum ɗaya kawai, ya rage wa saƙon nasa ƙarfi. Kuma kare wannan daji, wanda wani sashensa ke cikin yankin kariya na Table Mountain tun 2004, ba zai yiwu ba sai da waɗannan mutanen da aka bari a waje.

Kada ka kwaikwayi abin da ka gani

Abu na ƙarshe ya shafi rai. Fim ɗin ya nuna mutum shi kaɗai, babu riga, yana shiga ruwan sanyi yana riƙe numfashi, kuma ya nuna shi a matsayin magani. Bai yi gargaɗin da ya kamata ba.

Ruwa yana janye zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska. Idan wanda bai saba ba ya faɗa ruwa mai digiri 15 ko ƙasa, a minti na farko numfashi yana ƙwace masa, ya ja iska da ƙarfi ba da niyya ba, zuciya ta buga da sauri. In kansa yana cikin ruwa a lokacin, shi ke nan. Jiki yana sabawa idan ana maimaitawa, kuma Foster ya yi shekaru yana yi, tun yana yaro a bakin teku ya tashi.

Haɗari na biyu ya fi ɓoyuwa. Abin da ke sa ka ji dole ka yi numfashi shi ne taruwar iskar kabon dayoksaid a jini, jiki ba ya jin ƙarewar oksijin kai tsaye. Mai nutso da ya yi ta jan numfashi da sauri kafin ya shiga ya kore kabon ɗin, wato ya kashe ƙararrawar. Oksijin zai yi ta raguwa yana jin lafiya lau. A zurfin mita 10 matsin ruwa ya ninka na sama sau biyu, yana taimaka wa ɗan abin da ya rage shiga jini. Da ya taso matsin ya ragu, sai ya suma, sau da yawa dab da saman ruwa, ba ihu ba fafutuka. Ƙwararru ma haka suke mutuwa, har a kwamin wanka. Shi ya sa dokar farko ita ce ba a nutso da riƙe numfashi sai da abokin da ke sama yana kallo. Ka kuma lura, duk inda ka ga Foster daga nesa yana iyo cikin gora, akwai wanda ke riƙe da kyamarar. Kaɗaicin da aka nuna bai kai yadda ido ke gani ba.

Mai shiga daga gaɓa yana da ƙarin lissafi: tashin ruwa da janyewarsa, girman igiya, da inda zai fita idan yanayi ya canza, domin dutsen da ka sauka ta kansa cikin sauƙi yana iya zama inda igiya za ta maka ka bayan awa ɗaya.

Hukuncinmu

A kalli My Octopus Teacher, ya cancanta. Hotunansa na cikin mafi kyau da aka taɓa ɗauka na oktofas a gidanta, kuma ya sa duniya ta san dajin teku na Afirka, abin da takardun bincike na shekaru ba su yi ba. Amma a kalle shi da tambaya biyu a hannu: me na gani da idona, me kuma aka gaya mini na gani? Inda oktofas ta lulluɓe kanta da ɓawo, ka gani. Inda aka ce ta yi bankwana, gaya maka aka yi.

Idan akwai abin koyi a wajen Foster, hanyar aikinsa ce. Ya zaɓi ɗan wuri kusa da gida, ya koma kullum, ya rubuta abin da ya gani, ya kai wa masana abin da bai gane ba. Wannan ba ya bukatar teku, ba ya bukatar taɓa dabba, kuma ɗalibin da ke da fadama ko tafki a bayan garinsu zai iya fara shi da littafi da biro.